Tambaya da Amsa: Wane takalmin zamiyar ƙanƙara ya dace da ɗan koyo?

Wasiƙu uku na ɗauko a wannan fitowar, duk a kan takalmin yaran da suka fara koyon zamiya a kan ƙanƙara. Ta farko ce za ta fi cin wuri, domin amsarta ta shafi sauran biyun.

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti, ya ƙoƙari? 'Yata ce mai shekara 7 ta fara koyon zamiya a kan ƙanƙara, irin wadda ake juyi da tsalle ana bin kiɗa. Wata uku ke nan tana zuwa aji sau ɗaya a mako, da takalmin haya na wurin take shiga. Kullum sai ta dawo tana kukan ƙafa, kuma in na tsaya kallonta sai in ga idon sawunta yana karkacewa ciki. Malamarsu ta ce lokaci ya yi da za mu saya mata nata. Babanta ya ce tunda ƙafar girma take yi, mu ɗauko wanda ya fi ta da lamba biyu, kuma mai ƙarfi irin na 'yan gasa, don ya daɗe a huta. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Raunin ƙafa ne da ita? Wanne ya kamata mu saya?

Daga wata uwa

AMSA

Wa alaikumus salam, Maman yarinya. Allah ya raya ta, ya yi mata albarka. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana kan hanya. Ki gaishe min da Babanta, ki ce na gane lissafinsa, duk uba mai ɗawainiya haka zai yi tunani, kuma a takalmin makaranta lissafin ya yi daidai. Amma a takalmin ƙanƙara, abubuwa biyun da ya ambata, girma da tauri, su na fi gani suna tsayar da yara wuri ɗaya, har wasu su tsani wasan su ce sun fasa.

Ɗauki takalmin ki kifa shi ki duba ƙasansa. Wuƙar ƙarfen da ke maƙale a wurin kaurinta kusan milimita 4 ne, kuma a kanta duk jikin 'yarki yake tsaye. In kika shafa ƙasan wuƙar a hankali ta faɗinta, za ki ji akwai ɗan kwarmi da aka wasa tun daga gaba har baya, ya bar kaifi biyu, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje. Wasan nan gaba ɗayansa, daga kwanar farko da ɗan koyo ke yi har tsallen da kike gani a gasar Olamfik, a kan kaifin nan biyu yake. Mai wasa ya ɗan karkata ƙafa ya hau kaifin ciki, sai ya yi kwana ta nan. Ya hau na waje, ya yi ta can. Karkatar kuwa 'yar ƙanƙanuwa ce. Ƙafa ke ba da umarni, takalmi ya isar wa wuƙa. To in ƙafa tana yawo a cikin takalmi, yarinya za ta motsa, ƙafar ta motsa a ciki, wuƙar kuma ta kwanta inda ta ga dama. Karkacewar da kike gani ke nan.

Don haka kada ki yi saurin cewa raunin idon sawu ne da ita. Ina yawan jin maganar nan a bakin iyaye a gefen fili, kuma tana yi min ciwo, saboda yaron yana ji, sai ya ɗauka jikinsa ne ke da naƙasa. Yarinyar da ke gudu, tana tsalle, tana iya tsayawa da ƙafa ɗaya a tsakar ɗaki, ƙafarta lafiya lau take. Takalmin haya ya ratsa ƙafafu barkatai, wuyansa ya saki, wuƙarsa galibi ta dakushe, ga shi na yau daban, na makon gobe daban. Ya isa yaro ya ɗanɗani wasan a makonnin farko a ga ko yana so. Tunda taki ta yi wata uku ba ta gaji ba, malamarta ta yi gaskiya.

Akwai dai yaran da ko a takalmin da ya yi musu daidai ƙafarsu kan faɗa ciki, musamman masu shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa. Shi ma da gyaransa: a sa shimfiɗa mai ɗan tudu ta tallabi tsakiyar tafin, ko gwani ya ɗan matsar da wuƙar ta ɓangaren ciki. Amma sai an kawar da matsalar takalmi tukuna ake gane haka. In kuwa ciwon yana bin ta har ranakun da ba ta je fili ba, a kai ta likita ya duba.

Yanzu maganar lamba biyu. Ban da yawon ƙafa, akwai wata ɓarnar da ido ba ya gani. Wuƙar tana da ɗan lanƙwasa daga gaba zuwa baya, shi ya sa ɗan yanki kaɗan ne ke taɓa ƙanƙara a kowane lokaci. A can gaba akwai haƙora da ake cakawa a ƙanƙara wajen wasu tsalle-tsalle, a bayansu kaɗan kuma akwai gurbin da ake tsayawa a yi juyi. An ƙera wuƙar yadda gurbin nan zai faɗo daidai ƙarƙashin tudun ƙafa, inda yatsu suka tsiro, kuma da tsawon takalmi ake auna tsawonta. In takalmin ya fi yarinya da lamba biyu, tudun ƙafarta zai zauna a bayan inda ya kamata, haƙoran su yi mata nisa. Sai ki ga tana ta tuntuɓe tana faɗuwa rub da ciki, malama na cewa ta gyara tsayuwa, ita kuwa ba ta san me ta yi ba.

Na taɓa kwance wa wata yarinya takalmi bayan aji, tana zaune tana share hawaye. Da na zaro ƙafar, yatsunta a dunƙule suke, sun ƙi miƙewa, saboda tun shigarta fili da su take damƙar shimfiɗa don kada takalmin ya kuɓuce. Safarta ta ci ta wajen diddige, fatar ta yi bororo. Na zura hannu can gaban takalmin na tarar an cusa takarda don a cike wurin. Uwarta tana tsaye, ita ma idonta ya cika, domin da kyakkyawar niyya ta yi. Diddigen da ke hawa da sauka a cikin takalmi haka, in abin ya daɗe, har ƙululu mai tauri yake bari a bayansa.

Iyakar sararin girman da zan yarda da shi rabin lamba ne. In wani ya ce a cike sauran da safa mai kauri, ko a ninka biyu, kada ki yarda. Safa mai kauri tana zamewa, tana naɗewa, kuma in ta matse ƙafa jini bai gudana sosai ba, sanyin ma ƙaruwa yake. Siririyar safa guda ɗaya, doguwa da ta wuce wuyan takalmi, marar ɗinki mai tudu, ita ake so.

Kada kuma ki tafi da lambar takalminta na gida a ka. Kowane kamfani da nasa lissafin, kuma sau da yawa lambar na ƙanƙara kan yi ƙasa da ta na yau da kullum. Edea da Risport, kamfanonin Italiya, da milimita suke rubuta lamba, tana hawa biyar-biyar: 215, 220, 225. Jackson na Kanada da Riedell na Amurka kuma suna da tasu mai rabi-rabi. In da hali a kai yarinyar da kanta wurin masu sayar da kayan wannan wasa, waɗanda ke auna ƙafa. Malamarta ta san inda ɗalibanta ke zuwa, ki tambaye ta. A auna ƙafa biyun tana tsaye, nauyinta a kansu, sanye da safar da za ta riƙa sawa. Da yamma ya fi, domin ƙafa kan ɗan kumbura in an yini ana zirga-zirga. Kusan kowa ƙafarsa ɗaya ta ɗara ɗaya, da babbar ake lissafi.

Faɗi shi ake yawan mantawa. Yaro mai faffaɗar ƙafa ya ce takalmi ya matse shi, sai a ɗauko lamba ta gaba, alhali tsawon na farkon daidai ne, faɗin ne bai kai ba. Kamfanonin nan suna yin lamba ɗaya da faɗi iri-iri, a nemi mai faɗin. Ƙirarsu ma ba ɗaya ba ce: masu auna ƙafa sun san Jackson da sakin fili wajen yatsu, Riedell da Risport kuma sun fi karɓar siririyar ƙafa. Shi ya sa ba zan ce miki ga kamfanin da ya fi ba. Wanda ya zauna wa 'yar ajinsu daram yana iya zame wa taki azaba.

Ko mai shago ya ce ya yi, ina so ki gwada da hannunki. Zare shimfiɗar cikin takalmin ki ajiye a ƙasa, yarinya ta taka ta tsaya, diddigenta daidai da ƙarshen shimfiɗar. Duba gaban yatsan da ya fi tsawo: abin da ya rage kada ya wuce santimita 1. Duba gefe kuma, in ƙafar ta zubo ta rufe bakin shimfiɗar sosai, ya yi mata ƙunci. Mayar da shimfiɗar, sassauta igiya har ƙasa, ta zura ƙafa ta tura gaba har yatsu su taɓa. Sai ki zura yatsanki ta bayan diddige. In ƙaramin yatsa ya shiga da ƙyar, madalla. In biyu suka shige, ki mayar musu da kayansu. Daga nan ta ɗaga gaban ƙafa ta buga diddige a ƙasa, da marfin roba a jikin wuƙar, har diddigen ya zauna can cikin gurbinsa, sannan a ɗaure. Ta miƙe tsaye, ke kuma ki durƙusa ki danne takalmin da hannu biyu, ki ce ta yi ɗage. Diddigen kada ya tashi. Yatsu kuwa su iya motsi sama da ƙasa ba tare da sun hau kan juna ba.

Wani abu da ya kamata ki sani game da yara: mai shekara 7 ta saba da takalmi mai laushi, duk abin da ya kama ta cewa za ta yi ya matse. Wata kuma in ta ga fari mai sheƙi ta ƙwallafa rai, ko cizonta yake cewa za ta yi lafiya lau. Don haka kada ki ce mata "ya yi?" Ki ce ta nuna miki da yatsa inda take jin sa. Bar shi a ƙafarta kamar minti 15 tana takawa tana durƙusawa, sannan ki cire har safa ki duba fatar. Ɗan shatin igiya da ya bazu ko'ina ba komai ba ne. Wuri guda da ya lotsa, ko ya sauya launi, ko ta zabura da kika taɓa, a kan ƙashin idon sawu ko gefen ƙaramin yatsa, nan ciwo zai fito. Masu shago suna da abin da suke turo irin wannan wuri waje da shi, kuma yawancin takalman yanzu ana ɗumama su a shago a sa wa yaro su ɗauki siffar ƙafarsa. Aikinsu ne wannan, kada a gwada a murhun gida, gam ɗin yana iya saki.

Sai tauri, wanda ya fi damuna, domin iyayen da suka fi son fita kunyar 'ya'yansu su suka fi faɗawa ciki. Hawa-hawa ake yin takalmin nan. Ɗan gasan da ke juyawa sau uku a iska da ƙafa ɗaya yake dira, kuma abin da ke sauka a kan ƙafar ya ninka nauyin jikinsa sau biyar ko fiye. Dole nasa ya yi tauri ƙwarai, in ba haka ba wuyan ya karye cikin ɗan lokaci. Shi yana da nauyi da ƙarfin cinyar da zai lanƙwasa shi. 'Yarki ba ta da su tukuna. In kika sa mata irinsa, ƙafarta za ta zama kamar wadda aka yi wa ɗori, daga yatsu har ƙwauri ba abin da ke motsi.

Na tabbata abin da malamarsu ke ta nanatawa tun ranar farko shi ne su lanƙwasa gwiwa. Gwiwa kuwa ba ta zuwa gaba sai wuyan ƙafa ya ba da hanya. Ki gwada yanzu ki gani: tashi tsaye, ki kafe wuyan ƙafarki, ki nemi durƙusawa. Ƙugunki ne zai tafi baya, ƙirji ya sunkuyo. Haka yaran da aka saya wa takalmin da ya fi ƙarfinsu suke zamiya, a sandare. Turawarsu ba ƙarfi, tsayawa na ba su wuya, jijjigar da ya kamata wuyan ƙafa ya shanye kuma sai ta haura gwiwa da ƙugu da baya. Daɗewar da Babanta ke nema ma ba za a same ta ba, domin ƙafar za ta fi ƙarfin lambar tun takalmin bai fara laushi ba, a cire shi sabo fil bai amfane ta da komai ba.

Kamfanoni kan rubuta lambar tauri, daga ƙasa har kusan 100. A wurin Edea, misali, Overture 48 ne, Ice Fly da manyan 'yan gasa ke sawa kuma 90. Sai dai ma'aunin kowa daban ne, 40 ɗin wannan ba 40 ɗin wancan ba ne, don haka a duba teburin kamfanin da ke haɗa matakin ɗalibi da nauyinsa. Wadda ke koyon turawa, da tsayawa, da tafiya da baya, da zamiya da ƙafa ɗaya, takalmin matakin farko ya ishe ta, irin wanda ke zuwa da wuƙarsa a haɗe. Mystique da Artiste na Jackson suna cikin wannan rukunin, sauran kamfanonin ma kowa yana da nasa. In ta fara tsalle na gaske sai a haura mataki ɗaya. Sayen takalmi daban, wuƙa daban, irin wuƙaƙen kamfanonin John Wilson da MK na Ingila, galibi sai an doshi tsallen Axel ake maganarsa, mai juyi ɗaya da rabi, wanda Axel Paulsen ɗan Norway ya fara yi a 1882. Tsakaninta da shi akwai tafiya. Nauyi ma yana cikin lissafi, yaro mai jiki zai buƙaci tauri fiye da siririyar yarinya ko da ajinsu ɗaya.

Kada kuma jin haka ya sa ki koma ɗaya ƙarshen. Akwai masu laushi da aka yi don yawon shaƙatawa na rana ɗaya. Kama wuyan takalmin ki matse da yatsu. In ɓangarorin biyu suka haɗe ba wuya, ko wuyan ya kwanta gefe da kika tura, bai isa aji ba. Haka na roba da ake buɗewa a ƙara masa tsawo, da mai wuƙa biyu a jere da ake yi wa ƙanana, ba a koyon hawa kaifi da su. Gwajin da ke raba gardama shi ne bayan an ɗaure ta durƙusa, gwiwarta ta kai saitin yatsunta, diddige yana zaune, in ta miƙe kuma wuyan ya tsaya kyam bai faɗa hagu ko dama ba.

To an saya, saura ɗauri, kuma a shekarunta ke ce za ki riƙa ɗaure mata, ƙarfin hannunta bai kai ba. Wajen yatsu ki ja daidai-wa-daida. Inda ƙafa ke lanƙwashewa, wato ramukan igiya na ƙarshe da ta farko cikin ƙugiyoyin da ake saƙala igiya a wuyan takalmi, nan za ki ja da ƙarfi, domin nan ne ke kulle diddige. Ƙugiyoyin sama ki ɗan sassauta yadda yatsanki zai shiga tsakanin harshen takalmi da ƙwaurinta, harshen kuma ya tsaya a tsakiya. In igiya ta yi tsawo a sake wata. Kada a naɗa ta a wuyan takalmi, tana hana lanƙwasa, tana kuma kashe fatar wurin.

Sabon takalmi sai an saba. Ranakun farko ta yi gajeren lokaci a kansa, a bar ƙugiyar can sama ba a ɗaura ba. Jin baƙunta ba abin damuwa ba ne, amma sagewar yatsu ko zafi mai tsira a wuri guda, wannan a koma shago. A kai wuƙar a wasa kafin ta fara shiga, ba kasafai take zuwa da kaifin kirki daga kamfani ba. Ki kuma faɗa mata tun da wuri cewa haƙoran sabon sun fi na haya fitowa, za ta yi 'yan tuntuɓe kwana biyu, don kada ta karaya. Hular kwano da safar hannu kada su rabu da ita a wannan matakin.

Duk bayan wata biyu ko uku ki zare shimfiɗar ki duba shatin da ƙafarta ta bari. Ranar da shatin yatsu ya kai bakin shimfiɗa, lokacin canji ya yi. Gaskiya ne, mai yiwuwa baɗi war haka ku sake saye. Amma takalmin yara da aka kula da shi yana samun mai saye a cikin iyayen ajin da ke biye, kuma abin da aka samu ya rage na gaba. Wannan ki faɗa wa Babanta.

TAMBAYA

Malama, barka da aiki. Ƙanwata ta ba mu takalmin da 'yarta ta fi ƙarfinsa, don ɗana mai shekara 9 da ya fara aji. Na hannu yana da illa? Sannan fari ne, yaron ya tubure ya ce na mata ne, ba zai sa ba.

Daga wani mahaifi

AMSA

Barka kadai, Malam. Na hannu ba laifi, musamman na yara, domin galibi ƙafa ke fin ƙarfinsa tun bai tsufa ba. Sharaɗin farko ya yi masa daidai, da duk gwajin da na faɗa a sama. Kyauta ce, na sani, kuma akwai nauyin ƙanwa, amma in bai dace da ƙafarsa ba ka yi godiya ka mayar.

In ya dace, ka duba wuyansa ta gefe, saitin idon sawu. Ɗan tamoji a fata ba komai. Layi mai zurfi da ya karya wurin, wanda in ka tura wuyan sai ya ninke a kansa, alama ce takalmin ya mutu, ba ya dawowa. Ajiye shi a kan tebur ka kalle shi ta baya, ya tsaya a miƙe ko ya jirkice? Wanda ya jirkice ya ɗauki tsayuwar mai shi ta farko, kuma ita zai koya wa ɗanka. Kifa shi ka duba inda ƙusoshi suka ɗaure wuƙar. In tafin na fata ne, wurin ya yi baƙi ya yi laushi, ruwa ya ci shi, ƙusa ba za ta kama ba. Girgiza wuƙar da hannu, kada ta motsa ko kaɗan. A jikin wuƙar kuma, can kusa da kaifi, akwai wani siririn layi marar sheƙi. Duk washi yana rage shi, in ya kusa ƙarewa to saura kaɗan wuƙar ta gama aiki. Zura hannu ciki ka ji soson da ke rungumar idon sawu, ko ya lotse ya zama fata zalla.

Maganar launi kuwa, kada ka yi masa faɗa. Yaro ɗan shekara 9 yana kallon abokansa, kuma gaskiya ne a fili maza baƙi suka fi sawa, mata fari. Al'ada ce kawai, ƙirar ɗaya ce. Da can mata ma baƙi suke sawa, Sonja Henie 'yar Norway, wadda ta ci zinaren Olamfik a 1928 da 1932 da 1936, ita ta sa farin ya yi tashe. Akwai baƙar rigar takalmi mai talewa da ake sawa ta rufe shi ruf, wuƙa kaɗai ke fita, ana samunta inda ake sayar da kayan wasan. Ka saya masa ita tun kafin ranar aji, ya gwada a gida ya gani da idonsa.

TAMBAYA

Anti, wata ɗaya da sayen takalmina wuƙar ta yi tsatsa, alhali kullum ina rufe ta da marfin roba da zarar na fito. Ina kuskuren yake? Kuma yaushe ake wasawa?

Daga ɗalibarki

AMSA

Ƙanwata, marfin ne ya jawo. Na robar nan don tafiya aka yi shi, daga wurin zama zuwa bakin ƙanƙara, saboda siminti ko ƙarfe kada su ci kaifi. In kika bar shi a jiki kika jefa a jaka, ruwa ya taru a cikinsa ya kwana a kan ƙarfen. Da kin fito, ki cire shi, ki goge wuƙar da tsumma busasshe, har tafin takalmin da kewayen ƙusoshi. Ƙarfen yana da sanyi, zai sake yin gumi bayan 'yan mintoci, don haka ki sake gogewa, sannan ki sa mata rigar tawul mai laushi da ke tsotse danshi. Kin isa gida ki fito da takalmin daga jaka, ki sassauta igiya, ki ja harshen gaba, ki zare shimfiɗa ya sha iska. Kada ki kai shi kusa da wuta ko abin ɗumama ɗaki, fata na bushewa ta tsage. Marfin robar ma a riƙa wanke cikinsa, yashi kan maƙale a ciki ya riƙa cin kaifi.

Tsatsar wata ɗaya a sama take, washi ɗaya zai ɗauke ta. Yawanci bayan awa 20 zuwa 40 a kan ƙanƙara ake wasawa, amma ƙafarki za ta riga lissafi faɗa miki: in kin tura sai wuƙar ta zame gefe, ko kwana ta ƙi kamawa. Goga bayan farcenki a kan kaifin a hankali, in ya kankaro ɗan gari to da saura, in ya wuce sumul ta dakushe. Ki kai wa wanda ya san wuƙar wannan wasa, wanda malaman filinku ke kai wa tasu. Wanda ya saba da ta 'yan hoki, masu wasan ƙwallon sanda a kan ƙanƙara, kaɗai yana iya cinye haƙorin ƙasa ko ya ɓata lanƙwasar, kuma ƙarfen da aka cire ba a mayarwa. In an ba ki, kifa takalmin ki ɗora tsabar kuɗi a kwance a kan wuƙar ki kalla daga baya. In ta zauna daidai, kaifin biyu sun zo ɗaya. In ta karkata, ki miƙa masa ya gyara kafin ki bar wurin.